Daikirin Nicanor a Tukunyar Wake

Ku matso, jikokina, ku ji abin da kakanku Nicanor ya yi da tukunyar wakena. Ina son mutumin nan, Allah ya sani. Amma bakinsa kullum yana gaba, hankalinsa na biye da shi a baya yana haki.

Tun da ya bar aiki a tashar jiragen ruwa ta Santiago ya dawo gida ya zauna, ban ƙara shan iska ba. In ina tsintar shinkafa yana tsaye a kaina. "Tsohuwa, ba haka ake tsinta ba." In na ɗauki tsintsiya ya biyo ni yana nuna mini lungu. Har kofi ya zauna yana koya mini dafawa, ni da nake dafa masa kofi tun gashinsa yana baƙi. Na kai inda nake shiga banɗaki in rufe ƙofa don kawai kunnena ya huta.

Mafita ɗaya nake hange, ita ce teburin domino, wasan ƙwayoyi masu ɗige-ɗige, na kwanar layinmu, a gindin mangwaro. Mutum huɗu ke zama, biyu na karawa da biyu, daga la'asar har rana ta faɗi. Kujerun nan ba a saya, ba a aro. Sai mai kujera ya mutu ko ya bar ƙasar. To sai ga shi Anselmo ya bi 'yarsa Sifen, kujera ta huɗu ta zauna ba kowa. Na kunna kyandir na roƙi Allah ya ba mijina ita, ya fita daga madafata.

Sauran ukun su ne Don Pascual, tsohon direban jirgin ƙasa wanda maganarsa ce doka a teburin, da Baldomero mai baki kamar reza, da Serafin, wanda na fi shekara ban ji muryarsa ba. Masu neman kujera kuwa biyu ne, Nicanor da Leocadio wanzami. Leocadio ya riga ya yi wa tsofaffin aski kyauta, har da turare a bayan kunne. Nicanor ba shi da almakashi, sai baki.

"Ni da kuke gani," ya ce musu wata la'asar, ina jiyo shi daga baranda, "na yi aiki a babban otal a Habana. Daikirin da hannun nan ya haɗa, wani kyaftin ɗin jirgin ruwa ya kurɓa sau ɗaya ya fashe da kuka. Ya ce in bi shi Turai. Na ce ina da mata."

"Kukan daɗi ya yi ko na ciwon ciki?" in ji Baldomero.

"Kai me ka sani? Kai da kake shan giyar ron a murfin kwalba!"

Gaskiyar maganar ita ce ya yi aiki a otal ɗin, damina ɗaya. Ƙanƙara yake saukewa daga mota zuwa ƙofar baya a kafaɗa. Ni na shafa wa kafaɗar man zafi, don haka na sani.

Don Pascual ya ɗaga kai daga ƙwayoyinsa. "Shi ke nan. Ranar Lahadi za mu kawo teburin ƙofar gidanka. Ka haɗa mana irin na kyaftin. In ya yi, kujera taka ce. In bai yi ba, ta wanzami ce."

Daikiri fa ba wani abin wahala ba ne. Ron, wato giyar rake, ruwan lemun tsami, sukari, ƙanƙara, a girgiza, a tace, a sha da sanyinsa. Kowace mace a layin nan za ta haɗa maka shi a kwalba mai marfi kafin ka gama tambayar lafiyar yara. Na faɗa masa haka da ya shigo.

"Kwalba?" Ya dafe ƙirji. "Tsohuwa, ni za ki ce wa kwalba? Wannan aikin masana ne. Ke dai ki wanke kofuna ki zuba ido."

Ranar Lahadi da safe ya sa farar rigarsa mai aljihu huɗu, ya murza gashin baki, ya hau kujera ya sauko da kwalbar ron ɗin da 'yarmu ta kawo mana, wadda muke ɓoyo a saman kabad don babbar rana. Lemun tsami kuma ya roƙo wajen maƙwabciyarmu Donya Ignacia, ta miƙo masa ta katanga tana mita. Ruwa ya yi jinkiri a shekarar, lemukan sun yi tauri kamar duwatsun rafi. Ya matsa ɗaya da hannu biyu har jijiyar wuyansa ta tashi, ɗigo uku ya fito.

"Ka murza su a kan tebur da tafin hannu," na ce.

"Wannan na 'yan koyo ne. A Habana nauyi muke sa musu."

Ya jera lemuka a ƙarƙashin ƙafar kujerar lilona, ya zauna, ya yi baya da ƙarfi. Lemo na farko ya fice kamar harsashi ta taga, muka ji zakaran Donya Ignacia ya yi wani irin ƙara, sai fuka-fukai a sama.

"Wane marar tsoron Allah ne ya jefi Janar?" ta ƙwala ihu. Janar sunan zakaran ke nan.

"Iska ce, Donya!" in ji Nicanor.

"Iska mai lemun tsami? Lemuna ne fa, na gane shi!"

Lemo na biyu ya bugi hoton aurenmu a bango, ya karkatar da shi. Na uku ya fashe a wurin, ruwan ya haura sama ya sami Nicanor a ido. Ya tashi yana tsalle da ƙafa ɗaya, hawaye na zuba.

"Ga kyaftin na biyu ya fara kuka," na ce.

"Alamar lemo mai kyau ke nan," ya ce, ido ɗaya a rufe. "Ba ki san komai ba."

Da ya juya baya na zauna na murza sauran na matse masa cikin kwano. Ya dawo ya ga ruwa, ya ce ai kujerar ce ta yi aiki daga baya.

Sai maganar ƙanƙara. Tun asuba aka ɗauke wuta, abin da ke cikin firjinmu ya zama ruwa. Ya fita ba ko sallama. Can sai ga shi yana hawo tudu da ƙaton dutsen ƙanƙara a kafaɗa, ya aro wajen mai kifi na bayan kasuwa. Nan kam na ga gwani. Tafiya yake a miƙe, ba ya ko karkata, kamar saurayin da na aura. Zuciyata ta ɗan motsa. Sai na lura da kuliyoyi huɗu suna biye da shi a jere.

"Tsoho, ƙanƙarar nan ƙarni take."

"Ƙanshin teku ne. Turawa kuɗi suke biya su shaƙa."

Ya cusa ta cikin rigar matashina mai ɗinkin fure, ya hau ta da guduma a tsakar ɗaki. Kuliyoyin suka zauna a bakin ƙofa suna kallo kamar sun sayi tikiti.

Da la'asar tsofaffin suka iso, Baldomero da Serafin na ɗauke da teburin, Don Pascual na gaba da akwatin ƙwayoyi a hammata. Suka kafa a inuwar barandarmu. Kujera ta huɗu suka ajiye ta ba kowa. Donya Ignacia ta jingina a tagarta da Janar a hannu, ta ɗaure masa kai da tsumma.

Nicanor ya fito da kwalbar ron ɗin, ya ɗaga ta sama kowa ya gani, ya murɗe murfin. Kowa na jira ya ɗiga na farko a ƙasa, rabon waliyyai da waɗanda suka riga mu tafiya, kamar yadda ake yi da kowace sabuwar kwalba. Bai ɗiga ba.

"Nicanor," in ji Donya Ignacia, "ka manta da mutanen ƙasa."

"Ban manta ba, Donya. Awo ne. Kwalbar nan na auna ta daidai da lemon da sukarin. Ɗigo ɗaya ya fita, lissafi ya lalace. Su jira ragowa."

"Ragowa? Surukinka marigayi za ka ce wa ya jira ragowa? Mutumin da bai taɓa jiran kowa a kan kwalba ba yana da rai?"

"Ta faɗi gaskiya," na ce, don ubana ne, na san halinsa.

"Mata ku bar maza su yi aiki."

Baldomero ya leƙa bayansa. "To ina gwangwanin azurfan da ake girgizawa, maigidan Habana?"

"Wannan na kofi ɗaya ne. Ni na jama'a nake yi."

Ya shiga ciki. Na ji ƙarar da na sani daga madafa. Sai ga shi da tukunyar wakena, babbar, mai marfin murɗawa, wadda take fito in ta ɗau zafi. Jiya-jiya na dafa jan wake da tafarnuwa a cikinta.

"Tsoho, ajiye mini tukunya."

"Aro na yi."

"Ko wanke ta ka yi?"

"Na ɗauraye."

Ya juye ron ɗin duka, ya juye ruwan lemo, ya zuba sukari da hannu yana yarfawa daga sama kamar mai shuka, rabi a tukunya rabi a takalmin Don Pascual. Ya zazzage ƙanƙara daga rigar matashi. Ya rufe marfi. Da ya karkata tukunyar sai ruwa ya tsirto ta ɗan hancin da take fito. Ya tsaya yana kallon hancin. Sai ya shiga ɗaki ya ɗauko kyandir ɗin da na kunna masa addu'a, ya ɗiga kakin a ramin har ya toshe. Marfin kuma ya bi shi da guduma, kwas, kwas, kwas, wai don kada iska ta shiga.

"Yanzu ku buɗe ido," ya ce. "Girgiza ita ce sirrin. Daga kafaɗa ake yi, ba daga gwiwar hannu ba."

Ya rungumi tukunyar, ya ɗaga ta zuwa ƙirji, ya girgiza sau biyu. A na uku bayansa ya ce ƙas. Ya tsaya a sunkuye, baki buɗe.

"Wannan salon me ake ce masa?" in ji Baldomero.

"Hutun tsakiya," ya ce da ƙyar. "Ana barin kayan su san juna."

Yana sunkuye a haka sai ga Yordanis, mijin 'yar Donya Ignacia, ya dawo da babur ɗinsa na haya. Nicanor ya dubi babur, ya dubi layinmu da ya gangara har bakin teku, duk duwatsu da ramuka. Na ga idonsa mai lafiya ya yi ƙyalli, na san an shiga uku.

"Yordanis, ɗana! Kai ni bakin teku ka dawo da ni. Duk ramin da ka gani, faɗa ciki."

"Baba Nicanor, mutane biyana suke yi in kauce wa rami."

"Ni na ce ka faɗa. Injin girgiza nake so."

Aka taru aka ɗora shi a baya, tukunya a cinya, hular kwano ta rufe masa ido. Babur ya gangara. Muna jiyo ƙanƙara na kwaram-kwaram da muryarsa yana "Wancan ramin! Koma wancan!" har suka sha kwana.

Don Pascual ya duba sama, ya duba ƙwayoyi. Mutum ne da ba ya son ɓata la'asar. "Donya Obdulia," ya ce mini, "riƙe mana kujerar nan kafin maigidan ya dawo. Ki yi da Serafin."

Na goge hannu a zane na zauna. Na ɗebi ƙwayoyina. Ni da Serafin muka ci wasan farko. Baldomero ya ce sa'ar baƙo ce. Muka ci na biyu.

Muna cikin na uku muka jiyo hayaniya daga gangare. Babur ne ke hawowa a hankali, Nicanor a baya ya rasa hular kwano da takalmi ɗaya, ya ƙanƙame tukunya. Bayansu kuwa jama'a ce, mata da jakunkuna, maza da robobi. Kun san mutanenmu. In suka ga mutum na gudu da tukunya a rufe, to wani abu ya fito. Kafin babur ya tsaya an ja layi daga ƙofarmu har gindin mangwaro.

"Wane ne na ƙarshe?" wata mata ta tambaya.

"Ni ne. Me ake rabawa?"

"An ce man girki."

"Wa ya ce? Ni kifi na ji. Ba ki jin ƙarni?"

"Ba a raba komai!" na ɗaga murya. "Ku tafi gida!"

"Haka suke cewa kullum in abin kaɗan ne," in ji wani tsoho, ya gyara tsayuwa.

Nicanor ya sauko yana tangaɗi, haƙoransa na haɗuwa. Da ya ga taron sai bayansa ya warke nan take. Ya ɗora tukunyar a kan dakali, ta yi raɓa, sanyi na tashi daga jikinta. Ya jera kofuna. Ya ɗaga hannu.

"Jama'a, yau za ku ga abin da sai a Habana. Kallo kyauta ne, sha na manya ne."

Ya kama marfi ya murɗa. Marfi bai motsa ba. Ya yi murmushi, ya tofa yawu a tafi, ya sake murɗawa. Ko gezau. Sanyi ya tsuke shi, sukari ya manne robar, ga dukan guduma da ya sha.

"Na faɗa!" in ji Donya Ignacia daga taga. "Surukinka ne ya zauna a kai. Ka hana shi ɗigo, ya riƙe kwalbar duka!"

"Donya, wannan kimiyya ce."

"To ka ce wa kimiyya ta tashi daga kan marfin."

Yordanis ya gwada, ya kawo sifana ya gwada. Wani ƙato daga layi ya ce a ba shi, ya riƙe tukunya tsakanin gwiwoyi, ya yi nishi har wandonsa ya yage ta baya, ya koma layi da jaka a ɗuwawu. Aka ɗaura igiya a hannun marfi, mutum uku na ja nan, uku na ja can, tukunya na lilo a tsakiya, Nicanor na zagaye su yana "A hankali! Kada ku tayar wa daikirin da hankali!" Wata ta ce a shafa man alade. Wani ya ce a jefo ta daga saman bene. Duk wanda ya ba da shawara sai ya ce a tuna da shi in an buɗe.

"Donya Obdulia, ke ake jira," in ji Don Pascual. Ko waiwaya bai yi ba. Na buga ƙwayata.

Ana cikin haka Leocadio wanzami ya ɓullo, gashi ya sha mai yana sheƙi, hannu a baya, yana tafe kamar mai zuwa gaisuwar mara lafiya.

"Mutumina, sannu da fama," ya ce. "Ni dai ba masani ba ne. Amma na ji an ce ƙarfe in ya ji ɗumi yana saki."

Nicanor ya harare shi. "Abin da nake shirin yi ke nan ka katse ni. A Habana kullum sai mun ɗan ɗumama."

"Ɗumama daikiri?" in ji Baldomero. "Kyaftin ɗin nan ashe yana da dalilin kuka."

"Tsoho," na ce, "kada ka ɗora tukunyar nan a wuta."

"Gindin kawai zai ji."

"Nicanor, giya ce a ciki, kuma ka toshe hancin."

"Tsohuwa, ki ji da wasanki."

Ya kamata in tashi. Amma ina riƙe da ƙwayar da za ta rufe wasan ta ko'ina, Baldomero kuma ya fara gumi. Ku yafe mini, ban tashi ba.

Aka jawo murhun gawayin Donya Ignacia zuwa tsakiyar titi. Aka ɗora tukunya. Nicanor ya tsuguna yana fifita da murfin kwali, Leocadio ya sunkuya kusa don ya ga faɗuwar abokin takara da idonsa. Layi ya matso. Da farko muka ji ƙanƙara na narkewa. Nicanor ya taɓa marfi, ya ce saura kaɗan. Ya ƙara fifita. Ya sake taɓawa, ya ce saura ƙiris. Tukunya ta fara guna-guni irin wanda na sani.

"Ta fara magana," in ji wata a layi.

"Kayan ne ke gaisawa," in ji Nicanor.

Sai kakin ya narke.

Fiiiiii! Tun da nake da tukunyar nan ban taɓa jin ta yi fito irin wannan ba. Ron mai zafi ya yi tsiri sama ya wuce tsayin baranda, ya dawo kamar yayyafi a kan jama'a. Tururin ya sauko ya sami gawayi, sai wata shuɗiyar wuta ta yi bup, ta lashe gefe ɗaya na gashin bakin Nicanor, ta bi man kan Leocadio ta ɗauke masa gaban goshi da gira. Layi ya watse. Jakunkuna a ƙasa, robobi na gangarawa bakin teku, kuliyoyi a kan rufi. Janar ya ƙwace daga hannun uwargijiyarsa ya haye kan Yordanis. Wanzami ya tsoma kai cikin bokitin wanke kofuna yana kiran uwarsa. Don Pascual kuwa hularsa kawai ya cire ya rufe ƙwayoyin da ita.

Donya Ignacia ta miƙa tafin hannu ta taga, yayyafin ya ɗiga, ta lasa. "To," ta ce, "yanzu kowa ya sha. Na ƙasa sun sha, na sama sun sha, har titi ya sha."

Na tashi da gudu na kama fuskar mijina da hannu biyu, na juya ta nan, na juya ta can. Ba ƙuna, sai gashin baki rabi da warin gashi. Da na tabbatar lafiyarsa ƙalau sai na dungure masa kai.

Da tukunyar ta huce, Yordanis ya ɗan taɓa marfin da tsumma, ya buɗe salin-alin kamar bai taɓa gardama ba. A gindi akwai ɗan ruwa mai kauri, ruwan ƙasa-ƙasa, da ɓawon wake biyu na yawo. Nicanor ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya tsiyaya shi a kofi, ya yanka lemo ya maƙala a baki, ya miƙa wa Don Pascual da hannu biyu.

"Wannan shi ake kira na musamman. Mai zafi. Ba kowa ake ba."

Don Pascual ya shinshina, ya miƙa wa Baldomero. Baldomero ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya rufe ido, ya haɗiye.

"Yaya?" in ji Nicanor.

"Miyar wake da kifi," in ji Baldomero, "wadda ta kwana a mashaya. Gishiri kawai ya rage." Hawaye ya gangaro masa. "Ka ga, ni ma na yi kukan."

Mutanen da suka dawo tsintar jakunkunansu suka kwashe da dariya. Nicanor ya tsaya da ƙafa ɗaya ba takalmi, yana shafa inda gashin baki yake a da. A karo na farko na ga ya nemi magana ya rasa. Tausayinsa ya kama ni.

Leocadio ya fito daga bokiti, ruwa na ɗiga, ba gira. Ya zo ya dafa bayan kujera ta huɗu. "Don Pascual, ina ga magana ta ƙare."

"Ta ƙare," in ji Don Pascual. "Nicanor ya faɗi."

Wanzami ya ja kujerar zai zauna. Sai wata murya da ban gane ba ta ce, "A'a."

Muka waiga. Serafin ne.

"Tun da Anselmo ya tafi ban ci wasa ba," ya ce a hankali, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. "Yau na ci uku." Ya nuna ni da haɓa. "In ta tashi, na tashi."

Don Pascual ya dubi Baldomero. Baldomero ya ɗaga kafaɗa. "Ni dai sai na rama. Ba za ta cinye ni ta shige madafa ba."

"Amma na yi muku aski!" in ji Leocadio.

"Gashi ya riga ya tsiro," in ji Don Pascual. "Donya Obdulia, zauna. Kujera taki ce."

Na dubi Nicanor. Ya dube ni. Na ga abin yana hawowa daga cikinsa, ƙirjin na kumbura, rabin gashin bakin na miƙewa.

"Ni na koya mata!" ya faɗa wa titi gaba ɗaya. "Tun tana amarya! Duk abin da kuka gani dabarata ce. Kujerar ta shigo gidana ko ba ta shigo ba? To! Zan tsaya a bayanta in riƙa nuna mata abin da za ta..."

Don Pascual ya ɗaga yatsa ɗaya. "Tsayawa kam ka tsaya. Amma ka san dokar teburin nan. Ɗan kallo ba ya magana. Kalma ɗaya, ka koma gida."

Haka aka yi, haka ake yi har yau. Kowace la'asar nakan ɗaura ɗankwali in tafi gindin mangwaro, kakanku na biye da ni ɗauke da matashin kujerata. Yakan tsaya a bayana, hannu a ƙirji. In na ɗauki ƙwaya sai in ji numfashinsa ya canja, ya buɗe baki, Don Pascual ya ɗaga yatsa, ya rufe. Fuskarsa ta yi ta kumbura da maganar da ba ta fita ba har rana ta faɗi.

A hanyar gida yake sauke ta duka, wasa bayan wasa, inda na yi kuskure da yadda ake yi a Habana. Ina barinsa ya yi ta yi. Nakan ma riƙe masa hannu, don tudun namu da santsi, shi kuma in yana magana ba ya duban ƙasa.